Me ya sa musu kan wasan bidiyo ke rikiɗewa ya zama rigima a intanet?

Abu wasa ne, me ya kawo zage-zage a ciki?

Wanda ya sayi na'urar gem ba ya ɗaukarta wasa. Da PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020, dala 499 aka sayar da mai cin faifai a Amurka, sabon gem guda kuma ya kai dala 70. Mutum ya tara kuɗi ya saya, ya raba dare yana bugawa, sai wani ya ce masa ai Xbox ta fi. Abin da kunnensa ke ji shi ne an ce masa wawa, ya zubar da kuɗinsa. Daga nan kansa yake karewa, gem ɗin ya zama hujja kawai. Kamfanoni sun daɗe da gane haka. Tun farkon shekarun 1990 Sega ke yin talla a Amurka tana kiran sunan Nintendo tana kushe ta, yara suka rabu gida biyu.

Ai a shagon gem ma ana musu, me ya sa can ba ya kai haka?

Ana yi, har da ɗaga murya. Duk wanda ya zauna a shagon gem a Kano ko Kaduna ya san masu FIFA da masu PES ba sa shan inuwa ɗaya. Amma kana kallon fuskar abokin musunka, ka san gidansu, gobe ma za ku haɗu. In abin ya yi zafi, mai shago ya ce ku buga ɗaya a raba gardama, shi ke nan.

A intanet babu mai raba ku. John Suler, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya bayyana a 2004 yadda ɓoye suna da rashin haɗa ido ke cire wa mutum kunya, har ya rubuta abin da bakinsa ba zai iya furtawa ba. Rubutu kuma ba shi da murya, sai raha ta koma cin fuska. Ga dubban 'yan kallo, kowa na jin nauyin ya janye a gabansu.

Su kansu shafukan sada zumunta fa, da hannunsu?

Dumu-dumu. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya ba alamomin martani, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na alamar "so" sau biyar wajen yaɗa rubutu. Mai maganar hankali ya tsaya a ƙasa, mai tsokana ya yi sama.

Har ina abin yake kaiwa?

Wasan The Last of Us Part II ya isa misali. An yi ta yaɗa sirrin labarinsa tun Afrilun 2020, mutane suka fusata kafin su taɓa shi. Ya fito ranar 19 ga Yuni, kuma cikin 'yan sa'o'i dubban mutane suka cika Metacritic, shafin da ake ba wasanni maki, da maki mafi ƙasƙanci, alhali wasan na cin fiye da sa'a 20 kafin a kai ƙarshensa. Masu sharhi na jaridu kuwa 93 cikin 100 suka ba shi. Laura Bailey, wadda ta yi muryar Abby, ɗaya daga cikin jaruman wasan, ta nuna saƙonnin barazanar kisa da aka aiko mata, har da masu ambaton ƙaramin ɗanta. Matar nan aiki aka ba ta ta yi, ba ita ta rubuta labarin ba. Wannan zalunci ne, ko da wasan bai yi wa mutum daɗi ba.

Ke nan 'yan wasa su yi shiru?

A'a. A 2017 ƙorafinsu ne ya sa kamfanin EA ya dakatar da sayar da kaya da kuɗi a cikin wasansa Star Wars Battlefront II ana gab da fitowarsa. Wancan kuka ne kan tsarin kamfani, kuma ya yi amfani.

An ɗauki wani mataki?

Kaɗan. A 2019 Steam, shagon sayar da gem na intanet, ya fara ware taron dangin sharhin da bai shafi wasa ba, ya daina lissafa shi a maki. Metacritic kuma, bayan abin da ya faru a 2020, ya sa sai an jira sa'a 36 da fitowar wasa kafin jama'a su ba da maki. Matakan biyu duk maki suke karewa, ba su hana a aika wa ma'aikaci barazana ba.