Shiga kogon dutse don yawon buɗe ido: tambayoyi da amsoshi

Ta yaya kogo yake samuwa tun farko?

Yawancin kogwannin da ake kai baƙi ruwa ne ya haƙa su. Ruwan sama yana kwasar iskar kabon a sararin sama da cikin ƙasa, sai ya ɗan yi tsami. Idan ya tsiyaya ta tsagar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi, sai ya riƙa cin sa kaɗan-kaɗan har tsagar ta zama rami, ramin ya zama zaure. Aikin dubban ɗaruruwan shekaru ne. Haka aka samu kogon Mammoth na jihar Kentucky a Amurka, wanda aka auna hanyoyinsa sama da kilomita 670, kuma har yau masu bincike ba su kai ƙarshensa ba.

Akwai zafi a ciki ko sanyi?

Cikin kogo ba ruwansa da rani ko damina. A Mammoth yanayin yana tsayawa a kusan digiri 12, a Postojna ta ƙasar Sulobeniya kuma kusan 10, shekara ta zagayo. Ka tafi da rigar sanyi ko da rana na ƙuna a waje, da takalmi mai kama ƙasa, domin daɓen a jiƙe yake kuma da santsi. Silifa dai a bar shi a gida.

Me ya sa jagora yake ta nanata "kada a taɓa"?

Nan ne baƙi suka fi jin haushi, kuma a ganina jagoran ya fi su gaskiya. Ka tsaya kusa da tsinin dutsen nan da ke lilo daga rufi, ka haska tocila a kansa. Za ka ga ɗigon ruwa guda yana reto a bakinsa, ya daɗe kafin ya faɗo. Duk ɗigon da ya faɗo yana barin ɗan burbushin farar ƙasa da ido ba ya gani. Da wannan burbushin tsinin yake girma, abin da a wurare da yawa bai wuce santimita 10 a shekara dubu ba. Maiƙon tafin hannu kuwa yana hana ruwan kama wurin, sai girman ya tsaya, wurin ya yi baƙi. Wanda ya ɓalle guntu kamar ɗan yatsa don ya nuna a gida ya tafi da aikin ƙarni da yawa a aljihunsa.

Gaskiya ne akwai kogon da numfashin mutane kawai ya lalata?

Gaskiya ne. A watan Satumba na 1940 wasu samari huɗu suka gano kogon Lascaux a Faransa, bangonsa cike da zanen dawakai da bijimai da barewa, masu shekara kusan 17,000. Aka buɗe wa jama'a a 1948. Ba a jima ba aka kai ga mutum kusan 1,200 suna shiga a kullum. Numfashinsu da ɗumin jikinsu da fitilun da aka kafa suka sauya iskar wurin, gansakuka ta fara tsiro a kan zanen. A 1963 gwamnati ta rufe shi. Abin da baƙo yake gani tun 1983 kwafi ne da aka gina kusa da shi. Kogon Altamira na Sifaniya ma kusan irin wannan ƙaddarar ce ta same shi. Shi ya sa wasu wuraren suke ƙayyade yawan masu shiga, suna kuma hana ɗaukar hoto da filasha.

Akwai haɗari?

A hanyar da aka gyara wa baƙi, yawanci bai wuce zamewa ko buga kai a rufi ba. Babban haɗarin ruwa ne. A Yunin 2018 yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka shiga kogon Tham Luang a Tailan, ruwan sama ya cika hanyar fita a bayansu, sai bayan fiye da mako biyu aka fito da su. Kogon da aka rufe da damina, kada ka nemi wanda zai bi da kai ta bayan fage.

Sai kuma jemagu. Busasshen kashinsu yana iya ɗauke da wata fumfuna da ke kama huhu idan an shaƙi ƙurarta, kuma an danganta cutar Marburg, wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini, da kogon Kitum na Kenya a 1980 da 1987. Kada a tone ƙurar, kada a taɓa jemage, a wanke hannu in an fito.

Mai tsoron matsatsi ko mai ciwon gwiwa zai iya?

Ya danganta da kogon. A Postojna jirgin ƙasa ne yake shiga da baƙi, tun 1872 aka shimfiɗa masa layi. Wani kogon kuwa sai da rarrafe da hular kwano. Ka tambayi yawan matakala da tsawon tafiyar kafin ka sayi tikiti. Ka kuma sani cewa a wasu wuraren jagora yakan kashe fitilu na ɗan lokaci don a ga ainihin duhun, wanda ko tafin hannunka ka ɗora a hanci ba za ka gan shi ba. Idan kana tare da yaro, ka riƙe hannunsa tun kafin a kashe.