Ranar Hutu a Rayuwar Kirista: Tambayoyi da Amsoshi

Daga ina batun hutun mako ya taso?

Daga Littafi Mai Tsarki, Farawa 2:2-3, inda Allah ya huta a rana ta bakwai ya kuma tsarkake ta. Umarnin ya zo sau biyu cikin Dokoki Goma, kowanne da dalilinsa. Fitowa 20 ta ce a huta domin Mahalicci ya huta. Maimaitawar Shari'a 5 kuwa ta tuna wa Isra'ilawa cewa a dā su bayi ne a Masar, bawa kuma ba shi da ranar kansa.

Asabar ce ko Lahadi?

Ranar da Dokar Musa ta ambata Asabar ce, kuma Kirista 'yan ɗarikar Adventist suna riƙe da ita har yau. Yawancin Kirista sun koma Lahadi domin a ranar ce Yesu ya tashi daga matattu. Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna masu bi suna taruwa a ranar farko ta mako. Sai a shekara ta 321 Sarki Konstantin na Roma ya mai da Lahadi ranar hutu a hukumance, ya kuma bar manoman karkara su ci gaba da aikinsu. A Romawa 14 Manzo Bulus ya hana a yi wa juna hukunci a kan ranaku, don haka ban ga dalilin da gardamar nan za ta raba 'yan'uwa ba.

Zuwa sujada bai wadatar ba?

Sujada ita ce zuciyar ranar, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: a ikkilisiyoyi da yawa Lahadi ta fi Litinin gajiyarwa. Ana tashi daga sujada sai taron dattawa, sai na kwamitin gini, sai ziyarar gaisuwa. Uwargida kuwa tun asuba tana kan murhu, ta dawo daga majami'a ga baƙi, ga wanke-wanke, ga wankin kayan makarantar yara. Maigida ya miƙe ƙafa ya ce ya kiyaye ranar Ubangiji.

A nan ne dokar take da kaifi. Ta lissafa ɗanka da 'yarka, baranka da baranyarka, baƙon da ke gidanka, har da sa da jaki. Idan yarinyar da ke muku aiki ba ta zauna ba tun safe, gidan nan bai huta ba. A rage girki, a yi abin da za a iya yi tun ranar Asabar, maza da samari su sa hannu.

Manomi fa, ga damina ta kankama?

Tambaya ce mai nauyi, domin ciyawa ba ta jiran kowa. Amma Fitowa 34:21 ta ambaci lokacin noma da na girbi da sunansu, ta ce ko a lokacin a huta. Ajiye fartanya a irin wannan rana shaida ce cewa ba ƙarfinka kaɗai ke ciyar da iyalinka ba. Haka aka koya wa Isra'ilawa a jeji: manna, abincin da Allah yake sauko musu daga sama, ta kwana biyu suke tattarawa a rana ta shida.

Wanda aikinsa ya faɗo ran Lahadi ya yi zunubi?

A'a. Yesu ya warkar da marasa lafiya ran Asabar, har da matar da ta yi shekara 18 a tanƙware, ya kuma ce an yi Asabar domin mutum, ba mutum domin Asabar ba. Ma'aikaciyar jinya, mai gadi da direba su keɓe wata rana a mako, su kashe waya na 'yan sa'o'i, su yi addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, su zauna da iyali. Fasto ma haka, kuma hakkin dattawan ikkilisiya ne su hana a dame shi a ranar da ya keɓe.