Neman diyyar rauni a Legas: hatsarin keke da cizon kare

Diyyar rauni kuɗi ne da doka ke ɗora wa wanda ya jawo wa wani rauni, ko da gangan ko ta sakaci. Kotunan Legas suna bin tsarin da Najeriya ta gada daga Ingila, inda nauyin kawo hujja yake kan mai ƙara. A cikin Hausawan Agege, Idi-Araba da Mile 12, waɗanda abin yake shafa sun haɗa da masu talla a kan keke, masu gadi da masu kai ruwa gida-gida. Da yawansu gaskiya tana tare da su, rashin takarda ne ke kayar da su.

Hatsarin keke

Wanda mota ta kaɗe a kan keke sai ya nuna abu uku: direban ya yi sakaci, sakacin ne ya jawo raunin, kuma raunin ya jawo asara. Idan shi ma yana da nasa laifin, misali ya bi hannun da ba nasa ba ko ya hau titi da dare ba fitila, kotu ba ta korar ƙarar, rage diyyar take yi daidai da rabonsa na laifi.

Abin da aka tara a ranar farko shi ke riƙe shari'a: lambar motar, hoton wurin da na keken kafin a ɗauke shi, lambar wayar shaidu, da rahoton 'yan sanda. Lambar motar ta fi komai, domin da ita ake gano kamfanin inshora. Dole ne kowace mota ta sami inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Sai dai takardun inshora na bogi suna yawo, kuma idan ta bogi ce, daga aljihun direba ko mai motar za a nema.

Cizon kare

Magani ke gaba da maganar kuɗi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafin ciwon haukan kare da ta tetanus. Ta haukan kare, ana yin ta farko a ranar, a sake a rana ta 3, ta 7 da ta 14 ko yadda likita ya tsara. A sa ido kan karen kwana 10. Ciwon nan da zarar alamunsa sun bayyana, kusan ba a tashi.

A shari'a, mai kare yana ɗaukar alhaki idan ya san karensa ya taɓa cizo ko kai wa mutum farmaki. A shari'ar Daryani da Njoku ta 1965, an nuna cewa karen ya taɓa cizon 'yar aiki kuma an gaya wa matar gidan, sai kotu ta ɗauki sanin matar a matsayin sanin maigidan. Shi ya sa shaidar maƙwabci ko tsohon mai gadi take da nauyi ƙwarai. Ko karen bai taɓa cizo ba, ana iya kama mai shi da sakaci, kamar barin get a buɗe. Mai gadin da karen ubangidansa ya ciza a bakin aiki yana da wata hanyar kuma, wato dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar NSITF ke gudanarwa.

Abin da ake biya

Kashi biyu ne. Na farko asarar da ake lissafawa: kuɗin asibiti, hoton ƙashi, magani, gyaran keke, cinikin kwanakin jinya. Wannan sai an rubuta shi ɗaya bayan ɗaya an kawo rasit. A nan ake yawan tafka asara, domin mai karaya yakan wuce wurin mai ɗori, shi kuwa ba ya ba da rasit ko rahoton likita. Asibitin ƙashi na Igbobi ko kowane asibitin gwamnati zai ba da duka biyun. Kashi na biyu na raɗaɗi ne da tabo da nakasa, alƙali ke ƙiyasta shi.

Wa'adi da sulhu

Dokar Legas ta ba da shekara 3 don shigar da ƙarar rauni. Idan wanda ya jawo raunin jami'in gwamnati ne a bakin aiki, wa'adin yana iya zama wata 3 kacal, don haka a ga lauya da wuri. Marar hali yana iya zuwa ofishin lauyoyin kare jama'a na jihar, kyauta ne.

Sulhu a gaban Sarkin Hausawa ko cibiyar sasanci ta gwamnatin jihar ya fi sauri. Amma kada a sa hannu a takardar cewa an gama magana alhali ƙafa na cikin filasta. Karayar da ta ƙi haɗewa tana iya buƙatar tiyata bayan watanni, takardar kuwa ta riga ta rufe ƙofar neman ƙari.