Waiwaye: yadda sunayen kakanni suka karkace a rajistar ƙidayar Damagaram

Duk wanda ya tashi neman asalin gidansu a tsofaffin takardun ƙidaya na Damagaram, ya kamata ya fara sanin abin da ya sa aka rubuta su. Faransawa sun ci Zinder, babban birnin Damagaram, a 1899, garin ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Ƙidayar wancan zamani ta haraji ce. Kumandan, wato Baturen da ke mulkin yanki, ko wakilinsa ya fita rangadi, a tara jama'a a ƙofar mai gari, kowane maigida ya lissafa iyalinsa, tafinta ya maimaita, magatakarda ya sa a rajista. Abin da ake son sani shi ne kai nawa za su biya, samari nawa za a ɗiba aikin dole ko soja. Wanda ya san haka kuwa ba zai fito da 'ya'yansa duka ba. Wasu a tura su daji da dabbobi, wasu gidajen ma su tsallaka ƙasar Daura da ke hannun Ingilishi har sai ƙura ta lafa.

Sai kuma alƙalamin kansa. Magatakarda na rubuta abin da kunnensa ya ji da ƙa'idar Faransanci, wadda ba ta da ƙ, ɗ ko ɓ. Haka Kance ta zama Kantché, Miriya ta zama Mirriah. Mutum guda sai ka gan shi Mahamadou bana, Mahaman baɗi, Mamane a rangadi na gaba, jikansa na yau ya ɗauka 'yan'uwa uku ne. A rubutun hannu na gaggawa, n da u kusan kamarsu ɗaya, mai kwafewa ya zaɓi wanda ya ga dama.

Al'adarmu ma ta ƙara nata. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, mutum ya tsufa ana kiransa Tanko ko Ɗanladi alhali sunan yankansa daban ne. Wanda aka faɗa a ranar shi ya zauna a takarda. Abin da ya fi damuna shi ne gurbin sunan dangi da takardar Bature ke nema, mu kuwa mutum sunansa ne sai na mahaifinsa. Da zarar an juya biyun, uba ya koma ɗa, kaka ya ɓace daga salsala, babu wanda ya lura. Shekaru kuwa da ido ake ƙiyasta su, a rubuta "né vers", wato an haife shi wajejen shekara kaza. Daga baya da yawa aka liƙa musu 1 ga Janairu.

An soke aikin dole a 1946, ƙasa ta sami 'yanci a 1960, ƙidayar gama-gari ta farko ta zo a 1977, sai 1988, 2001 da 2012. Amma tsohon kuskure bai mutu ba, kwafarsa aka ci gaba da yi: daga rajista zuwa takardar haihuwa ta kotu, zuwa littafin makaranta, yau kuma zuwa kwamfuta, inda yake fitowa tsaf kamar gaskiya.

Takardun mulkin wancan lokaci suna ajiye a Yamai da Dakar da Aix-en-Provence a Faransa, kuma ban ce a yi watsi da su ba. Sai dai wanda ya samo shafi ya ɗauke shi ya kai wa tsofaffin unguwar Birni ko Zango a Zinder, ya karanta sunan da baki ta duk hanyar da zai iya karantuwa, ya tambayi laƙabi da unguwa da sana'a da sarkin da ke kan gado. Idan tsohuwa ta ce an haifi mahaifinta a shekarar yunwar Kakalaba, ta ba ka 1913 zuwa 1914, ko da takarda ta rubuta wata shekara daban.