Agogon Giwa na Al-Jazari

Agogon giwa wani agogo ne mai aiki da ruwa wanda injiniya Badi'uz Zaman Al-Jazari ya ƙera, yana kuma cikin shahararrun na'urori masu motsi da kansu na wancan zamanin, wato irin mutum-mutumin da ake yi tun babu lantarki babu batir. An haifi Al-Jazari a shekarar 1136, ya yi wa sarakunan gidan Artuk aiki a fadarsu ta Amid, garin da yau ake ce ma Diyarbakir a ƙasar Turkiyya. Sarki Nasiruddin Mahmud ne ya sa shi ya rubuta abubuwan da ya ƙera, ya gama littafin a 1206, shekarar da ya rasu kenan. Na'urori 50 ne a ciki, an kasa su gida 6, kowace da zanenta da bayanin yadda za ka haɗa ta.

Ba shi ya fara ba fa. Tun wajen shekarar 850 'ya'yan Musa bin Shakir su uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta littafin dabaru kusan 100 a Bagadaza, su ma sun ɗora ne a kan aikin Girkawa irin su Heron na Iskandariyya. A 807 ma Halifa Haruna Rashid ya aika wa Sarki Shalaman na Faransawa agogon ruwa na tagulla mai mahaya doki 12 da ke leƙowa ta 'yan tagogi.

To yaya agogon yake? Giwa ce ta ƙarfe, a bayanta an kafa ginshiƙai huɗu, a samansu ɗan bene mai ƙubba, tsuntsu na tsaye a kan ƙubbar. A wuyan giwar akwai mai korarta riƙe da gatari da guduma, a gadon bayanta magatakarda na zaune da alƙalami, can sama kuma wani mutum ne tsakanin shaho biyu ya ɗora hannuwansa a kan bakunansu, sai macizai biyu manya a tsakanin ginshiƙan.

Amma duk wannan ado ne, asirin yana cikin tumbin giwar. Tankin ruwa ne a ciki, da wani kwano mai 'yar huda a gindi yana yawo a saman ruwan. Ruwa na shiga ta hudar kaɗan kaɗan, kwanon na nutsewa a hankali, an kuma auna hudar yadda sai ya yi minti 30 cif kafin ya cika. Yana nutsewa yana jan wata igiya da ke juya magatakardan nan, bakin alƙalaminsa na nuna mintocin da suka wuce. Da kwanon ya cika ya yi ƙasa gaba ɗaya sai ya fizgi wata igiyar daban, ita kuma ta saki ƙwallon ƙarfe guda ɗaya daga cikin benen, daga nan sai abu ya kankama, tsuntsu ya juya yana fito, mutumin sama ya ɗage hannu daga bakin shaho, ƙwallon ya faɗo daga bakin shahon zuwa bakin maciji, nauyinsa ya rinjayi macijin ya sunkuyo ƙasa ya zubar da shi cikin wani tulu ya bugi kuge, mai korar giwa shi ma ya kai mata duka a ka. Rabin awa ya cika kenan.

Inda gwanintar take shi ne wannan sunkuyon macijin ba na burgewa ba ne kawai, da shi ake jawo kwanon daga ƙasan tanki, ya karkace ya zubar da ruwansa ya koma saman ruwa, aiki ya sake farawa ba wanda ya sa hannu. Zagaye na gaba sai ɗaya shahon da ɗaya macijin su karɓa. Aikin mai kula da agogon kawai ya mayar da ƙwallayen sama ya duba ruwa. Shi kwano mai huda ɗin ma tsohuwar dabarar auna lokaci ce ta mutanen Indiya.

Yau za ka ji ana ce wa irin waɗannan abubuwa "robot na farko", gaskiya akwai ɗan zuzutawa a ciki, don ba sa gani ba sa zaɓar abin da za su yi, ruwa ne da nauyi da igiya ke tafiyar da su. Haka sauran ƙere-ƙerensa suke, kamar kwale-kwalen makaɗa huɗu da ake sakawa a tafki don nishaɗin sarki, da na'urar wanke hannu mai ɗawisu, wadda ruwa ke fitowa daga bakinsa, ɗan mutum-mutumi ya buɗe ƙofa ya miƙo sabulu, wani ya biyo da tawul.

Ainihin agogon bai kai zamaninmu ba, zanen da bayanin ne suka rage, akwai tsohon kwafin littafin a fadar Topkapi da ke Istanbul. Donald Hill, wani injiniya ɗan Ingila, ya fassara shi zuwa Turanci a 1974, kuma da wannan bayanin aka sake ƙera babbar giwar da ke tsaye a kasuwar zamani ta Ibn Battuta a Dubai.