Ginin tunawa da waɗanda aka kashe

Ginin tunawa wani aiki ne da hukuma ko ƙungiya ko dangin mamata suke ba masu fasaha kwangilarshi, a kafa shi a fili inda kowa ke wucewa, don kar sunan mutanen da aka yi ma kisan gilla ya ɓace. Yana iya zama bango da sunaye, ko dutse da aka sassaƙa, ko zane, ko ma fili da itatuwa kawai.

Yadda ake bada aikin, galibi kwamiti ake kafawa, a samu fili daga wajen magajin gari, a faɗi kuɗin da ke akwai, sannan ko a buɗe gasa kowa ya kawo zanenshi ko a kira mutum guda kai tsaye. A Amurka gasa aka yi don bangon sojojin yaƙin Biyetnam, wata ɗaliba Maya Lin ta ci tana da shekara 21, aka buɗe shi a 1982 da sunaye kusan 58,000. Amma matakin da ya fi kowane nauyi shi ne zama da dangi tun kafin a zana komai, don su ne za su ga wurin kullum, wata uwar tana son sunan ɗanta a bango wata kuma ko kusa bata so, kuma duka biyun suna da gaskiya.

A Nijar misalin da ya fi fice yana can cikin hamadar Tenere. Ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin sama na kamfanin UTA na Faransa a saman hamadar, mutum 170 suka mutu. A 2007 ƙungiyar danginsu da mutanen yankin suka jera baƙaƙen duwatsu da'ira babba da siffar jirgin a tsakiya, suka kewaye ta da madubi 170 fasassu, ɗaya na kowane rai, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da allon sunaye. Har a hoton tauraron ɗan adam ana ganinshi.

A Yamai kuwa akwai Dandalin Shahidai kusa da gadar Kennedy, inda aka buɗe ma ɗalibai wuta ranar 9 ga Fabrairu 1990 zamanin Ali Saibou, uku suka rasu a ƙidayar hukuma, kuma har yau ɗalibai na tunawa da ranar duk shekara.

Batun mutum-mutumi fa yana da wuya a nan, malamai da yawa ba su yarda da sassaƙa siffar mutum ba, shi ya sa rubutun sunaye ya fi karɓuwa, wasu ma sun fi son rijiya ko aji na makaranta ya zama sadaka mai gudana. Gaskiya abinda ke damuna shi ne mutanen karkara, kamar 137 da aka kashe a ƙauyukan Tillia jihar Tawa ranar 21 ga Maris 2021, adadi muke ji a rediyo, sunayensu kuwa suna wajen dangi da hakimai, kuma can ya kamata duk wani kwamiti ya fara zuwa ya rubuto su.