An yi aikin karaya, an sa ƙarfe: wa zai taimaki mara lafiya daga nan?

Likita ya gama aiki. Me kuma ma'aikacin walwala na asibiti zai ƙara?

Likita ƙashi ya gyara. Amma ƙashin cinyar babban mutum kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe sosai, kuma yawancin watannin nan a gida ake yin su. A nan ake samun matsala. Ɗan acaɓan da mota ta buge, wa zai ciyar da iyalinsa? Wa zai riƙa kawo shi ganin likita? Manyan asibitoci, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959, da asibitocin koyarwa, suna da sashen walwalar marasa lafiya, kuma waɗannan tambayoyin su ne aikinsa.

Za su biya mana kuɗin aikin?

Kada a sa rai cewa akwai kuɗi jibge a ofishinsu. Abin da suke yi shi ne bincike: su zauna da mai jinya, su ji sana'ar mara lafiya, mutum nawa ke wuyansa, me aka riga aka sayar. Da wannan suke rubuta rahoto, su nemi sassauci daga hukumar asibiti, ko su haɗa mutum da masu ba da zakka da ƙungiyoyin agaji. Suna kuma duba ko yana da inshorar lafiya, don tun 2022 doka ta wajabta inshorar a Najeriya, ko da yake har yanzu ba ta kai ga yawancin talakawa ba.

Shawarata ita ce a neme su tun ranar da aka ba da gado. Mutane da yawa sai an rubuta sallama, an miƙo takardar kuɗi, sannan su fara cigiyar ofishin. A lokacin an sayar da babur ɗin da ake ci da shi.

Me za a shirya a gida kafin sallama?

Wannan ce tambayar da aka fi mantawa, kuma ita ta fi wahalar da mutane. A fara da bayi. Wanda aka yi wa aiki a ƙugu ko cinya ba zai iya tsugunawa a masai ba. Ana buƙatar kujera mai rami a tsakiya, ko da kafinta ne zai haɗa ta. Sai shimfiɗa: katifa a ƙasa tana da wuyar tashi ga mai dogara sanduna. Sai dokin ƙofa, da santsin tsakar gida inda ake wanke-wanke. Salla kuwa a zaune zai yi ta, addini ya ba shi wannan sauƙi.

Ma'aikacin walwala yana kuma tambayar wa zai yi jinya, tambayar da ba kowa ke son ji ba. Sau da yawa mace ɗaya ce ake bar wa komai, ga girki, ga yara, ga ɗaga ƙaton namiji. Gara a raba kwanaki tsakanin 'yan uwa tun ana asibiti. Ga tsofaffi abin ya fi tsanani, domin doguwar kwanciya tana jawo gyambon baya, daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. Dole a riƙa juya su, a kuma tashe su yadda masu gashin ƙashi suka koyar.

Dangi sun ce a kai shi wurin mai ɗori. Fa?

Rashin kuɗi da tsoron yanke ƙafa ne ke kai mutane can, ba wauta ba, kuma ma'aikaci nagari ba ya yi wa iyali faɗa. Yana kiran mai faɗa a ji a gidan, ya haɗa shi da likita. Sai dai a sani: ƙafar da aka sa wa ƙarfe ba a murza ta, ba a ɗaure ta tamau. Ɗauri mai tsanani yana tare jini, nama ya ruɓe, a ƙarshe a yi yankan da ake gudu.

Ya daina magana, kullum cikin fushi. Laifin wa?

Ba na kowa ba. Magidancin da ya saba fita da asuba, yau sai an kai shi bayi, dole ransa ya ɓaci. Wasu kuma hatsarin ke dawo musu a mafarki. Idan ya daina cin abinci, barci ya gagara, ko ya fara cewa gara ya mutu, a gaya wa ma'aikacin walwala ko likita nan take. Haka nan idan ya fara neman tiramadol fiye da yadda aka rubuta masa.

Idan a bakin aiki ya karye?

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ta hannun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, in dai inda yake aikin sun yi rajista. A adana hoton ƙashi, rasit ɗin magani da rahoton likita, a kuma sanar da wurin aikin da wuri, a rubuce.